Turmin da Aka Bari a Baranda

Mai karatu, ka taɓa jin ƙarar daka a gidan da babu wanda ya ɗaga taɓarya? Kada ka yi saurin cewa bututun hita mai ɗumama ɗaki ne. Ni ma haka na ce da farko, har da zana wa mutane yadda ƙarfe ke miƙewa idan ya ji zafi. Sai da Nafisatu, matar Barau na gidan rediyo, ta ba ni labarin da bakinta, sannan na ninke zanena na ajiye.

A garin Gaithersburg suke zaune, nan ƙasar waje, a hawa na biyu na wani gidan haya, su da 'yarsu ɗaya tilo, Shafa'atu, mai shekara goma sha huɗu. Tana da shekara uku aka zo da ita ƙasar nan. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Tuwo kuwa ko kallonsa ba ta yi. Ranar da aka kaɗa miyar kuka sai ta toshe hanci ta shige ɗaki da biredinta. Wannan abu ya daɗe yana cin ran Nafisatu, ba ta dai faɗa wa kowa.

Akwai wani ƙaramin turmi na kirya a gidan. Mahaifiyar Nafisatu, marigayiya Delu, ita ta cusa mata shi a kaya ranar da za ta taso, ta ce, "Kada ki bari ya kwana a waje. In magariba ta yi, ki kife shi." Shekara goma sha ɗaya tana yin hakan, ba don ta san dalili ba.

Ranar wata Juma'a a watan Fabrairun 2010, dusar ƙanƙara ta fara zuba tun da rana. Barau ya bugo waya ya ce an riƙe su a wurin aiki, can za su kwana har hanya ta buɗe. Nafisatu ta ce to, ta jawo turmi tana dakan daddawa da citta, don irin wannan sanyi sai miya mai yaji. Ba ta yi nisa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Olive ce, tsohuwar da ke zaune a ƙarƙashinsu, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya. Cikin ladabi ta ce fitilar rufin ɗakinta har rawa take yi, kanta kuma na sarawa.

Kunya ta kama Nafisatu. Ta ba da haƙuri, ta yi alkawari. Da ta rufe ƙofa, haushi ya sa ta sunkuci turmin ta dire shi a baranda, bakinsa sama, ta ja ƙofar gilashi ta kulle. Sauran kayan miyar a bilanda ta markaɗa su.

Dusa ta kwana tana sauka, ta wuni tana sauka. Ranar Asabar wuta ta ɗauke, hita ta mutu. Kicin ne kaɗai wurin da ke da ɗumi, albarkacin murhun gas. Nafisatu ta ɗora tuwon shinkafa, ta kaɗa kuka da busasshen kifi, ta soya man shanu da albasa. Tururi ya lulluɓe taga. A waje babu mota, babu tsuntsu, babu muryar ɗan Adam. Hasken yamma ya yi ta raguwa a kan farin filin nan, har ya koma launin toka.

A nan ta ji shi. Dum. Aka yi shiru. Dum. Daka ne na wanda ba ya sauri, irin na tsohuwar da hannunta ya gaji.

Olive ta sake hawowa da tocila, wannan karon babu ladabi. "Kin yi mini alkawari," ta ce. Nafisatu ta jawo ta ciki. Ta kama hannunta ta nuna mata taɓarya a jingine bayan ƙofar kicin, sannan ta kai ta gaban gilashi. Dusa ta cika barandar har ƙugu, sumul, babu sawun komai. Suna tsaye aka sake. Dum. Daga ƙarƙashin dusar. Sai wani dunƙulen ƙanƙara ya bugi gilashin daidai fuskarsu, wani ya biyo, wani ya biyo. Olive ta juya ta sauka da sauri.

Da Nafisatu ta juyo, Shafa'atu na zaune a ƙasan kicin, ta miƙe ƙafafu, ta ƙudundune da bargo.

"'Yar Delu," ta ce, "zubo mini tuwon nan. Kada ki yi mini rowar man shanu."

Da Hausa. Hausar tsofaffin ƙauye, mai nauyi, wadda yarinyar ba ta taɓa ji ba balle ta koya. Ta ci malmala uku da hannu, ta suɗe kwano.

A nan ne Nafisatu ta sunkuyar da kai lokacin da take ba ni labari. Ta ce, "Ba zan ɓoye ba. Kafin tsoro ya zo, daɗi na fara ji."

Kwana uku haka. Da rana yarinyar barci take yi, jikinta sanyi ƙalau ko da an jibga mata barguna. La'asar na yi sai ta tashi ta zo kicin. Ta ce gishirin miya ya yi kaɗan. Ta ba da labarin rijiyar gidan Delu, da akuyar da ta faɗa ciki shekarar da aka haifi Nafisatu. Su yi ta hira, tukunya na tafasa. Nafisatu ta tuna gargaɗin mahaifiyarta tun daren farko. Ta san inda turmin yake. Ba ta ɗauko shi ba, kuma in Barau ya bugo waya sai ta ce lafiya lau.

Ranar Talata da hantsi Barau ya iso. Ya leƙa ya gai da 'yarsa da Turanci kamar yadda suka saba. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Sannu da hanya, mijin 'yar Delu." Jakarsa ta suɓuce. Ya taɓa hannunta ya ji kamar ƙarfen ƙofa. Olive ta hawo ta duba ta, ta ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa, a kai ta asibiti kafin dusa ta biyu da aka ce tana tafe.

"Tun yaushe, Maman Shafa?"

"Tun Asabar."

"Asabar! Kina ce mini lafiya lau?"

Barau ya ɗauko waya. Ya kira Malam Inusah, mutumin Kumasi da ke tuƙin motar filin jirgi a garin Sterling, wanda jama'a ke nema idan irin wannan ta taso. Barau ya ce in magariba ta wuce babu sauƙi, asibiti za su nufa ko da a ƙafa.

Malam ya iso rana na shirin faɗuwa. Ya cire takalmansa masu nauyi, ya yi alwala da ruwan ɗumi, ya zauna a ƙasan kicin daura da yarinyar. Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa ƙasa. Harshen wutar gas ya kwanta gefe guda, alhali babu iska. Karatu ya yi tsawo. Yarinyar ta fara karkarwa, haƙora na haɗuwa.

"Ya isa, Malam," muryar ta ce. "Kai baƙo ne a ƙasar nan, ni ma baƙuwa ce."

"Wace ce ke? Me ya kai ki jikin yarinya?"

"Sanyi. Itacena aka sare aka sassaƙa turmi, ban yi faɗa ba. Delu ta san da ni, ba ta taɓa barina a raɓa ba. Aka ɗauko ni aka haye teku da ni, ban yi faɗa ba. Sai ga shi an jefa ni waje, bakina buɗe, an cika ni da farin abin nan mai cizo. Na buga, na buga, ba a buɗe ba. Na ga jiki mai ɗumi na shiga."

"Ai kin sha ɗumin nata ya ƙare. Kina kashe ta. Ki ji tsoron Allah ki fita."

Kan yarinyar ya juya a hankali wajen Nafisatu.

"Ba da kai zan yi ba. 'Yar Delu, faɗi gaskiya. Shekara nawa kina dafa tuwo kina ci ke kaɗai? Wa ya taɓa ce miki miyarki ta yi daɗi a gidan nan? Ki bar ni. Rana tata, yamma tawa. Za ki sami 'yar da ke amsa miki da harshen uwarki."

Barau ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu. Nafisatu ta daɗe tana kallon fuskar nan, fuskar 'yarta da idanun da ba nata ba. Tukunya na ta ɓararraka a kan wuta.

"Kin ɗebe mini kewa," in ji Nafisatu. "Kuma na zalunce ki, ki yafe mini. Amma ba ni 'yata. Ko har abada ba za ta ce mini sannu da Hausa ba, ita nake so."

Muryar ta yi wani dogon nishi.

"To a shigo da ni. Kuma a mai da ni gida, gindin inda aka sare ni, kafin farin abin nan ya sake zuba baɗi. Ba a cikin akwatin jirgin ruwa ba. A hannun mutum na zo, a hannun mutum zan koma. In ya zuba ina nan, na san hanyar ɗumi."

Malam ya sa muryar ta rantse za ta fita, ta rantse. Barau ya tura ƙofar gilashi da kafaɗa, ya tona dusa da farantin tuwo har ya kai ga turmin. Nafisatu ta kwashe ƙanƙarar cikinsa da hannunta, ta goge shi da zaninta, ta kife shi kusa da murhu. Malam ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu ya yi rawa, ya tsaya.

Ta buɗe ido. Ta dubi baƙon da ke zaune, ta dubi iyayenta, ta yamutsa fuska. Da Turanci ta tambaya me ya sa kowa ke kallonta, kuma warin mene ne wannan a hannunta. Nafisatu ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Yau ga mu a Oktoba, ganyaye sun fara zuba. Takardun zaman su Barau ba su fito ba tukuna, in suka fita ƙasar nan ba za su iya dawowa ba. Mutum uku sun yi alkawarin tafiya da turmin, amma duk wanda ya ji labarin sai jakarsa ta cika. Yana nan a kicin, a kife, an lulluɓe shi da tawul. Na auna shi da kaina, kilo shida ne da ɗan kai, kuma ƙanin Nafisatu, Aminu, zai tarye shi a filin jirgin Kano.

Don haka, mai karatu, in kana da tafiya gida kafin sanyi ya kama, ko ka san mai tafiya, don Allah ka nemi Malam Inusah a masallacin Sterling bayan sallar Juma'a. Ka rage takalma biyu a jakarka, ka ba tsohuwar nan wuri. Sharaɗi ɗaya ne: in magariba ta same ka a hanya, ka tabbata a kife yake.