Kifin Kwali

Kilo ɗaya na kifi Inna ta aiki Juwairiyya ta sayo a bakin kasuwar Madawa. Ta yi sallama a wani shagon kifi, ta faɗi abin da take so, sai ta ga mai shagon ya tsaya da murfin firigo, na'urar sanyaya kifi, a hannu yana kallonta.

"Sake hwaɗi, don Allah," in ji shi.

"Kilo guda nac ce."

"Wallahi ke ce! Ke ce mai shirin lahiyar iyali na rediyo. In kina magana, Innata ko tari ba ta bari a yi cikin gida."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sunansa Munir. Shi ke riƙe da shagon tun rasuwar mahaifinsa, yana sayar da kifin teku mai ƙanƙara da manyan motoci ke kawowa cikin kwalaye daga bakin ruwa. Da shagon yake ciyar da mahaifiyarsa Furera da ƙannensa. Kafin Juwairiyya ta isa gida, saƙo ya shigo wayarta, don lambar shirin kowa ya san ta.

"Mai kihi ne. Na manta ban tambaye ki ba, ana gaida masoyi a shirinki, ko sai marasa lahiya?"

Ta amsa: "Sai marasa lahiya."

"To ki sa ni ciki. Tun da kinka hita ban ji daidai ba."

Haka abin ya fara. Yana ce mata Zumata, ita kuma ta ƙi sauya masa suna daga Mai kihi. Kafin damina ta sauka, ya riga ya gaida mahaifinta, an ba shi izinin zuwa zance.

Sai ranar da Juwairiyya ta karanta wani labari a wayarta: masu bincike sun tarar da ƴan ɓarɓashin roba a cikin hanjin kifayen da ke rayuwa can ƙarƙashin teku, inda ko hasken rana ba ya kaiwa. Abin ya girgiza ta. Ledar da ake yarwa a kwararo, ashe har can irinta take zuwa? Ta kai labarin cikin shirinta da zumuɗi. Ana cikin karɓar kira, wata mata daga Azarori ta tambaya:

"To ɗiyata, kihin ga na kwali da muke ba yara, shi ne?"

Juwairiyya ba ta sani ba. Amma ta ji nauyin ta ce ba ta sani ba, alhali gari duka na saurare.

"Ai duk na teku ne, Inna," ta ce. "Gubar guda ce."

Tun kafin ta cire abin sauraro daga kunnenta ta san ta yi kuskure.

Kalla, wani mai sayar da kifin tabki da yake ɗaukowa daga wajen Keita, ya daɗe yana nemanta tana kaucewa. Shi ya yanke wannan guntuwar maganar, ya watsa ta a waya, ya kuma ɗaura lasifika a babur ɗinsa yana zagaya unguwanni. Duk inda Juwairiyya ta bi, muryarta ce ke tare ta: "Gubar guda ce. Gubar guda ce."

Mata suka daina zuwa shagon Munir. Masu tuya suka koma wurin Kalla. Kaya suka yi ta zama a firigo, ga wutar lantarki tana yawan ɗaukewa.

Ta rubuta masa: "Mai kihi, ban yi nufin haka ba. Ka yi mani magana ko da faɗa ne."

Da la'asar ɗin nan Munir ya taho gidansu da niyyar su fahimci juna, sai ya tarar da Kalla a ƙofar gida da kwandon kifi, wai tukuici ya kawo. Munir bai tsaya ya ga an mayar wa Kalla da kwandonsa ba. Saƙo ɗaya ya turo:

"Ashe tare kunka shirya. Allah shi ba ku sa'a."

Washegari da safe ta nufi shagon. Daga nesa wari ya tare ta. Ga amalanken jaki a ƙofa, Munir ya ɗaure hanci da rawani yana loda kwalayen da suka ruɓe, za a kai bayan gari a binne. Furera na zaune a kan benci, tana bin kowane kwali da ido.

Juwairiyya ta durƙusa. "Ina kwana, Inna."

Furera ta dube ta. "Ke ce mai muryar? Ni da nike hana yara motsi don in ji ki. Tashi, ɗiyar mutane. Ɗana ba ya auren bakin da ya rufe shagon ubanai."

Kwana da kwanaki Juwairiyya ba ta iya cin abin kirki ba. In an sa tuwo, sai ta tuna ƙannen Munir. Mahaifinta, Malam Abdoulkadir, ya kira ta ya ce:

"Kukan nan naki wa ya amfana? Abin da kinka hwaɗi, gaskiya ne ko ba gaskiya ba?"

"Rabi gaskiya ne, Baba."

"To tahi ki nemo sauran."

Ta nemi lambar wata malamar jami'a a Tawa, ta kira ta. Malamar ta ce ɓarɓashin roba a cikin kifi gaskiya ne, kuma ba a teku kaɗai ake samunsa ba, har a koguna da tabkuna. Amma kifayen da labarin ya ambata ba su ne na kwali ba, kuma yawanci a hanji ake ganin robar, abin da ake cirewa a zubar. Illarsa ga mutum kuwa, har yanzu ana kan bincike. "Wa ya ce miki guba?" ta tambaya.

"Ba kowa, Madam. Ni na ce."

A shiri na gaba ta faɗi duk wannan. Ta ce an tambaye ta abin da ba ta sani ba, ta amsa don kada a raina ta, kuma amsar ta cuci mutanen da ba su yi mata komai ba. Ta roƙi gafara. Sai dai gyaran bai yi gudun ɓarnar ba. Babu wanda ya ɗaura shi a babur.

Don haka ta roƙi izinin mahaifinta. Da yamma ta ɗauki murhu da kasko da wuƙa, ta je ta sayi kifi a hannun Munir kamar kowace mai saye, ta zauna a gefen shagon. Munir ya fito.

"Mi kike yi haka?"

"Da bakina na ɓata. Da shi zan ci, kowa shi gani."

Mutane suka taru suna kallon mai rediyo tana fama da kifi. Ba ta iya ba. Wuƙar na zamewa, ta fasa cikin, ta ɓata zanenta, hawaye na zuba ba ta da hannun sharewa. Ta soya, ta ci a gaban kowa. Ta dawo washegari, ta sake dawowa. Wasu na dariya, wasu suka fara ɗanɗanawa, wasu suka shiga shago.

Wata yamma ta ji an tsaya a kanta. Furera ce.

"Haka anka koya miki gyaran kihi? Kin zubar da rabin naman. Miƙo wuƙar nan."

Tsohuwar ta zauna kusa da ita, ta tsaga cikin kifin da yanka ɗaya, ta zare hanjin. "Nan robar taki take?"

"Nan ne, Inna, in akwai."

"To mu tun kakanninmu ba mu cin wanga. Riƙe wutsiyar, ki duba da kyau. Ba kullum zan nuna miki ba."

Juwairiyya ta ɗago ta ga Munir a bakin ƙofa ya juya baya, kafaɗunsa na motsi. Ba ta gane ko dariya yake ko kuka ba. Tana isa gida saƙonsa ya iso:

"Zumata, an hwaɗa mani kin kori Kalla da kwandonai ranan nan. Na zarge ki ban tambaya ba. Ni ma ki yahe mani."

Ta amsa: "Naka ƙarami ne. Nawa fa?"

"Inna ta ce su kawu su shirya zuwa gidanku."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Shagon bai koma yadda yake ba. Dole aka sayar da firigo ɗaya, kuma duk lokacin da Juwairiyya ta ga gurbinsa sai ta kau da kai. Ranar da aka kai ta ɗakinta, ta riƙe hannun Furera ta fara cewa, "Inna, abin da na jawo maku..."

Furera ta rufe mata baki da tafin hannu.

"Ya isa. Na yahe tun tuni, ke ce ba ki yahe ma kanki ba. Kada ki shigo mani gida da kaya biyu, lefenki ya ishe ki." Ta ɗora hannun amarya a kan na Munir. "Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin magana, shi tsare bakinku da zukatanku."

Matan da ke cike da ɗakin suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Juwairiyya ta sa kuka a cikin mayafinta, Munir ya matse hannunta bai saki ba.