Hannun Daman Bakanike

Ƙara ce ta fito da Abdulwahab daga ƙarƙashin motar da yake gyarawa a garejinsa na unguwar Takur. Wata ƙaramar mota ce ke tsayawa, tana ƙiii kamar ana wasa wuƙa. Budurwa ta fito sanye da fararen kayan asibiti. Sunanta Karima.

"Takalmin birki ya cinye, ƙarfe ke gugar ƙarfe," ya ce mata. "Gurnanin da kike ji in kin ɗau gudu kuma boris ɗin taya ne."

"Ko dubawa ba ka yi ba."

"Tun daga kwana na jiyo ki."

Ta yi dariya. Bayan kwana uku ta dawo, wai sitiyari na ƙwas-ƙwas. Ya duba, lafiya ƙalau. Suka kalli juna, ta sunkuyar da kai.

Mahaifinta Alhaji Idirisu ya fi son ta auri Babagana, ɗan abokinsa. Babagana ya kai masa gulma, wai bakaniken ke ɓata motar da gangan don ta riƙa komawa. Alhaji ya hana ta zuwa garejin.

Ta tura wa Abdulwahab saƙo: "Masoyina, ƙafata aka hana zuwa. Ka yi haƙuri, ni taka ce."

Ranar Laraba da hantsi Babagana ya iso garejin da ƙarti biyu. Suka danne Abdulwahab a ƙasa, ɗaya ya take masa wuya. Babagana ya ɗauki sifanar taya ya sauke masa a hannun dama, sau uku. Ƙashi ya fasa fata. Jini ya gauraye da baƙin mai kafin maƙwabta su rufar musu, su miƙa su ga 'yan sanda.

A asibiti, Karima ce a bakin aiki. Ita ta riƙe hannun har likita ya gama, sannan ta kira mahaifinta.

Alhaji ya zo, ya daɗe yana kallon bandejin.

"Aikin wanda kake so ka aura mini ne, Baba," in ji Karima.

Alhaji ya juya ya dubi Abdulwahab. "Yanzu da me za ka ciyar da ita?"

"Yatsu biyu aka cire, Alhaji. Saura takwas."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a Taura, garin su Alhaji. Da ango ya zo gaisuwa, hannun daman bai gama warkewa ba, sai ya tsaya yana jin nauyin miƙa hagu. Alhaji ya kamo hagun da hannu biyu.

"Ka yafe mini, ɗana. Allah ya yi muku albarka."