Marin da Aka Yi da Rigar Bara'atu

Tsaye take a gaban dogon teburin kwamitin ladabtarwa, hawaye na bin kumatunta... Bara'atu ke nan, marainiya, 'yar ajin ƙarshe a wata makarantar koyon aikin jinya da ke birnin Katsina. Ba wanda ya ce mata ga kujera. Sista Safiya, shugabar kwamitin, ta sake kunna bidiyon nan da wata mai jinya ta ɗauka a ɓoye, wanda ya gama karaɗe gari.

Abin da ke cikinsa ya isa ya tayar wa kowane mai imani da zuciya. Wata tsohuwa ce makauniya a gadon asibiti, Inna Sabuwa, tana lalube tana cewa, "Uwata, taimake ni da fo, zan ɓata zane..." Sai ga wata ɗaliba, fuskarta rufe da takunkumi, ta ja dogon tsaki ta ce, "Wa ce uwarki? Ƙazamar tsohuwa kawai!" Ta ɗauke ta da mari, ta hankaɗe ta, tsohuwa ta faɗo ƙasa ƙugunta ya karye. A ƙirjin rigar ɗalibar kuwa ga suna ɗinke da shuɗin zare, ɓaro-ɓaro: Bara'atu Shehu.

"Wallahi Sista ba ni ba ce!" Bara'atu ta faɗa cikin kuka. "Ran nan aikin yamma gare ni, da safe ina gida ina girki. Sumayya ce ta ɗauki rigata don tata ba ta bushe ba..."

Sumayya ɗiyar kawunta ce, Alhaji Kabiru, kuma ajinsu ɗaya. Tun da iyayen Bara'atu suka rasu aka kawo ta gidansa a GRA, wai riƙo. Riƙo! Ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ke wanke wa Sumayya fararen riguna ta goge su, tafin hannunta duk ya farfashe. Ta jure saboda abu guda: mahaifiyarta a kan benci ta cika a wani asibiti tana jiran wanda zai dube ta, ranar Bara'atu ta yi alkawarin sai ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kuwa Sumayya, uwarta ce ta cusa ta makarantar don a riƙa cewa ɗiyar Hajiya Kulu nas ce, amma ko kofin majinyaci ba ta iya ɗauka sai ta yamutsa fuska.

Aka kira Sumayya. Ta shigo tana ƙamshin humra, tana matse hawayen da babu su. "Musayar aiki muka yi, Sista. Ita ta roƙe ni na bar mata safe. Wallahi ban so faɗa ba, 'yar'uwata ce." Da yake musayar aiki tsakanin ɗalibai abu ne na kullum, sai 'yan kwamiti suka gyaɗa kai. Aka kira Alhaji Kabiru. Dattijo da furfurarsa, da carbi a hannu, ya dubi mutane ido cikin ido ya rantse cewa tun da sassafe Bara'atu ta bar gidan sanye da rigar. Tir! Ɗiyar ƙanwarsa fa, ciki ɗaya suka fito da uwarta, kuma tuwon da ta tuƙa a wannan safiyar shi ya fara ci.

Tsohuwar da za ta iya raba gardama kuwa tana kwance bayan tiyata, zazzaɓi ya rufe ta, ba ta san inda kanta yake ba. Nan take aka dakatar da Bara'atu, aka ce ranar Alhamis ta dawo ta karɓi takardar kora.

Ko da ta koma gida ta tarar da kayanta a ƙofar get, an tusa su cikin buhu. Hajiya Kulu na tsaye, hannu a ƙugu. "Au, har kin iya buɗe baki ki kira sunan ɗiyata gaban mutane? Butulu! Mun ci da ke, mun sha da ke, laifi ɗaya ne ba za ki iya ɗaukar mana ba? Ke wa gare ki da zai ji kunya in an kore ki?"

"Kawu..." Bara'atu ta durƙusa ta kama gefen rigar Alhaji. "Kawu ka dubi Allah, ka dubi zumuncin Ummata!" Ya fizge rigarsa ya karkaɗe wurin da ta taɓa, ya shige mota abinsa.

Wata ƙawar marigayiya Ummarta ce a Kambarawa ta ba ta tabarma. Can ma ba ta huta ba, duk inda ta gifta sai nuni da baki, wata mata har yawu ta tofar a gabanta. Ta kan zauna kan sallaya ta yi kuka har muryarta ta dushe. "Ya Allah, Kai ne gatan maraya. Ka ga komai, ba ni da mai shaida sai Kai..."

Duk da haka hankalinta na wurin Inna Sabuwa. Ta san tsohuwar ba ta shan kunu sai an sa tsamiya sosai, ta kuma san ba kowa zai yi haƙurin ba ta a baki ba. Ranar Laraba ta dama kunu, ta zura hijabi, ta shiga ɗakin mata lokacin ziyara kamar kowane mai dubiya. Audu, ɗan tsohuwar, ɗan acaɓa ne a Ƙofar Marusa, yana ganinta ya miƙe ya tare ta.

"Ke! Mi kika zo yi? Ƙarasa ta za ki yi?"

"Don Allah Malam Audu, kunu ne kawai. In ajiye in tafi."

Sai tsohuwa ta motsa, ta ɗago kai. "Muryar wa nike ji? Uwata ce?"

"Na'am, ɗiyata," Bara'atu ta amsa kamar yadda ta saba, kuka ya ƙwace mata.

Sunan mahaifiyar Inna Sabuwa ne Bara'atu, don haka bakinta bai taɓa iya furta shi ba saboda kunya. Tun ranar da aka kwantar da ita ta ji sunan yarinyar take kiranta Uwata, ita kuma ta amsa da ɗiyata, ɗaki duka a yi ta dariya.

"Inna, ita ce hwa ta mare ki!" in ji Audu.

"Ƙarya kake, Audu! Wagga da ke wanke mani kashi tana mani wasa? Waccan cewa ta yi wa ce uwarki. Uwata ta tambaye ni wa ce uwata? Ku ɗauke ni ku kai ni gun manyansu, ko da bisa kai ne!"

Ranar Alhamis a keken marasa lafiya aka turo ta har gaban kwamiti, robar fitsari na rataye a gefe. Alhaji Kabiru da Hajiya Kulu da Sumayya suna zaune, sun zo ganin ƙarshen marainiya. Tsohuwa ta faɗi abin da ta sani. Sista Safiya ta sake sauraron bidiyon, sannan ta dubi ɗaliban biyu.

"Robar Inna ta cika. Bara'atu, riƙe Inna. Sumayya, zo ki juye."

Bara'atu ta durƙusa ta tallafi tsohuwa. Sumayya ta matso da ƙyar, hanci a toshe, tana miƙa 'yan yatsu biyu. Hannun tsohuwa da ke lalube ya sauka kan wuyan hannunta. Ai kuwa ta fizge da ƙarfi, ta ja wani dogon tsaki. "Ke dalla sake ni! Ƙaza..." Ta datse bakinta, amma ina!

"Ita ce!" tsohuwa ta ƙwalla ƙara. "Wanga tsaki da wanga turare, su na ji kahin marin! Ita ce wallahi!"

Sumayya ta zube ƙasa tana kururuwa. "Momi ce ta ce in ce musaya muka yi! Dadi ma ya sani!" Carbin Alhaji ya suɓuce ya faɗi. Sista Safiya ta dube shi daga hula har takalmi, kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Alhaji, da furfurarka? Allah wadaran wannan hali." Ta juya ga Bara'atu, idonta ya ciko. "Ki yafe mana, ɗiyata. Riga muka hukunta, ba mu tsaya mun duba wadda ke cikinta ba."

A ranar aka kori Sumayya, aka mayar da Bara'atu aji, Audu kuma ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Labarin rantsuwar Alhaji ya riga shi isa unguwa, har ya daina zama sahun gaba a masallaci. A bakin ofishin kwamitin Hajiya Kulu ta tari Bara'atu, ba kunya ba tsoron Allah, wai ta sa baki ai 'yar'uwarta ce.

"Hajiya, nawa na yafe," in ji Bara'atu. "Amma ƙugun da aka karya ba nawa ba ne."

Ranar da aka yaye su, ba ta tsaya ɗaukar hoto ba. Da farar rigarta ta wuce Ƙofar Marusa, ta durƙusa gaban tabarmar Inna Sabuwa. Tsohuwa ta lalubi ƙirjin rigar, yatsunta suka bi zaren sunan nan a hankali, sunan da ba za ta taɓa furtawa ba. Hawaye ya gangaro daga makafin idanunta.

"Uwata, kin zama nas?"

Bara'atu ta kifa fuskarta a cinyar tsohuwa, tsohuwa ta shafa kanta. Rabonta da jin hannu a kanta tun rasuwar Ummarta.

"Na zama, ɗiyata... Alhamdulillahi, na zama."