Wutsiyar Allon Gidan Nomau

Hannun ƙarfen ya ɗaga gizago ya sauke, ya ɗaga ya sauke, ɓarɓashin itace na zuba a ƙasan rumfa. Kai ka rantse Malam Nomau ne da kansa ke sassaƙa, har da ɗan karkacen nan da yake yi in ya zo gefen allo.

Tun da aka janyo ruwa aka sake cika Tafkin Chadi, aka kafa injinan tayar da igiyar ruwa a Birnin Tumbatsa, matasa suka haukace da hawan igiya. Mutum zai tsaya kan dogon allo, ruwa ya kwashe shi a guje. Mutanen gidan Nomau masassaƙan kwale-kwale ne tun kaka da kakanni, sai suka koma sassaƙa allunan. Na roba sun cika kasuwa, amma wanda ya san daɗin ruwa na gidan Nomau yake nema.

Tasalla kaɗai Malam Nomau ya haifa, ita kuwa injiniya ce a can babban birni. Da ta ga hannunsa ya fara rawa, ta aiko masa da safar hadda, wato safar hannu mai haddace duk motsin wanda ya sa ta. Ya yi ta aiki da ita har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Sai ta tattaro ta dawo gida, ta juye haddar cikin hannun ƙarfe don kada sana'ar gidansu ta mutu.

To, sai ga matsala. Aiki zai tafi sumul, amma da an iso wutsiyar allo sai hannun ya tsaya cak, ya juya gizagon, ya miƙa ƙotarsa gefe inda babu kowa. Ta kashe ta kunna, ta canza katako, duk a banza. Alluna suka taru ba wutsiya, masu su na ta aike.

"Baba, wallahi na gaji," in ji ta. "Goge wurin nan zan yi daga haddar hannun, in rubuta masa lissafin wutsiya da kaina."

Malam Nomau na kan kujerarsa mai taya. Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa.

"Uwata, ba lalacewa ya yi ba, ni ne. A gidan nan masassaƙi ba ya ƙarasa allo, magajinsa yake miƙa wa gizago ya fitar da wutsiya. Haka mahaifina ya yi mini. Ni ma kullum sai in miƙa, in ɗan jira, in na ji shiru in cire safar in ƙarasa."

"Me ya sa kake cirewa?"

"Wannan ba rabon inji ba ne. Naki ne na ajiye miki."

Kunya da tausayi suka rufe ta. Ta matsa ta kama ƙotar, yatsun ƙarfen suka saki. Saran farko ta kwashe katakon har ya yi rami.

"Kai, kai! Turmi aka ce ki sassaƙa? Saki kafaɗa, ki bi jijiyar itacen."

Tana dariya tana hawaye ta sake ɗagawa, bakinta sai alhamdulillahi. Allah ne ya bar mata tsohon nan da harshensa. Da ya riga ya tafi, da tuni ta goge wurin, ta kira shi gyara.