Gansakukar Tadala

Da aka ce wa Sufeto Nyirongo an yi sata a wata cibiyar bincike da ke gindin dutsen Zomba, ya zaci janareta ne. Da ya ji gansakuka aka sace, sai ya ture kwanon nsima, tuwon masarar da yake ci, gefe ya yi tsaki. Shekara goma sha tara yana aiki, yau an tashe shi daga abinci saboda dattin tafki.

A ɗakin gwaji ya tarar da ɗalibar da ta kai ƙara, Tadala Msiska, idanunta sun kumbura don kuka. Ta nuna masa wata kanta mai fitilu, kwalabe jere, gurbi ɗaya babu komai.

"Malama, wannan abin ai ko a kwatar bayan ofishinmu akwai shi. In aiko miki da bokiti?"

"Yallaɓai Sufeto, daga tafkin Chilwa na ɗebo ta kafin gefen ya ƙafe. Shekara uku ina renonta. Akwai wani sinadari a cikinta mai kama iskar da muke fitarwa ya mai da ita sukari, kuma nata ya fi duk wanda na auna sauri. Ranar Juma'a masu jarrabawa za su zo su gani da idonsu. In babu ita, babu digiri."

"Mutuwa take yi?"

"Da haske sinadarin yake farkawa, a duhu barci yake. In aka ɓoye ta a duhu za ta lalace. Kuma sai ana jujjuya kwalbar, in ba haka ba ta kwanta a ƙasa." Ta kaɗa hannu a hankali ta nuna masa yadda ake yi.

Sufeto ya dubi ɗakin. Kwamfuta na nan, kwaɗon ƙofa lafiya lau. Ɓarawon da ya bar kwamfuta ya ɗauki ruwan kwata ba yunwa ce ta kawo shi ba, boko ne.

Ya sa aka kira Likoswe, dattijon da ke kula da ɗakin.

"Bayan Tadala, wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Bai taɓa barin aljihuna ba, na rantse."

"To, kulle mana ƙofar in gani."

Likoswe ya shiga lalube, aljihun riga, aljihun wando, har cikin hula. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce Farfesa Mtambalika, shugaban sashen, shi ya karɓa jiya bayan an tashi daga coci.

"Ina ofishinsa?"

Likoswe ya nuna wata taga a bene, sai ya yi turus da ya ga labulenta a ɗage. "Ikon Allah! Tun da aka yi masa aikin ido ba a taɓa ɗage labulen nan ba."

Farfesa ya karɓi Sufeto a zaune, bai ma nuna masa kujera ba. Bango cike da takardun shaida da hotunansa da Turawa. Shi irin mutanen nan ne da in sun ce maka sannu sai su jira godiya. Rana ta cika ɗakin, shi kuwa sai ƙyafta ido yake. A bakin taga akwai kwalaben lemo kore guda biyu.

"Makulli? Tabarauna na ɗauko, na manta ban mayar ba," in ji shi. "Yarinyar nan sakaci gare ta, ƙila ita ta zubar take neman wanda za ta laƙa wa. Kai da ba ka san kan aikin ba, ka koma wajen ɓarayin awakinka."

Yana cikin wannan cika baki, hannunsa ya miƙa ya ɗauki kwalba ɗaya, ya kaɗa ta a hankali, ya ɗaga ta a haske, ya mayar. Bai ma san ya yi ba. Sufeto ya ga wannan kaɗawar ɗazu a hannun Tadala.

"Farfesa, ƙishi nake ji. Ka ba ni lemon nan?"

Bai jira amsa ba, ya ɗauki kwalbar ya kama murfin.

"Kada ka buɗe!" Farfesa ya miƙe har kujera ta faɗi. "Za ka gurɓata ta da numfashinka, jahili kawai!"

"Lemon?"

 Farfesa ya dafa tebur.

"Shekara ashirin ina neman irinta," ya ce da ƙaramar murya. "Sai 'yar masunta ta shiga taɓo ta ɗebo. Gobe da na aika da ita waje da sunana. Ita yarinya ce, ai tana da lokaci."

"Kai ma yanzu za ka samu lokaci," in ji Sufeto, ya ciro ankwa.

Ana sauka da shi suka haɗu da Tadala a matakala. Sufeto ya miƙa mata kwalbar, ta karɓa da hannu biyu. Farfesa, ko kunya babu, ya waiwayo.

"Ki riƙa kaɗa ta duk bayan awa biyu."

"Shekara uku ina yi, Farfesa," ta ce. "Kai kwana ɗaya ka yi, ya kai ka ofishin 'yan sanda."