Jinin Tsallaken Kogi

Da hantsi aka kira Sufeto, an tsinci gawar mai gwajin jini a bayan firizar ɗakin gwaji, an doke ta a ƙeya. Akwati ɗaya ya ɓace daga cikin firizar, amma a aljihun farar rigarta Sufeto ya sami katuna uku, kowanne da busassun ɗigon jini.

"Likita, mene ne wannan?"

"Binciken bara ne, ranka ya daɗe," in ji shugabar ɗakin gwajin, idonta jajir. "Ana tsire yatsan yaro, a ɗiga jinin a kati, ya bushe a inuwa. Da shi muke gane wanda jikinsa ke da garkuwar ƙyanda. Waɗannan na tsallaken kogi ne, kamar akwatin da aka ɗauke."

"Me gwajin ya nuna?"

"Duk yaran can suna da garkuwa. Shi ya sa aka karkata allurar rigakafi zuwa wasu wurare." Ta sunkuyar da kai. "Ga shi yanzu ƙyanda tana ɗibarsu."

Sufeto ya sa aka kawo masa katunan wata unguwa, ya jera su gefe da gefe. Na unguwar duk sun dame, wani ɗigon ya zarce da'ira, wani bai kai ba. Na tsallaken kogi kuwa tsaf-tsaf, kamar an buga hatimi. Shi da yake da 'ya'ya huɗu, bai taɓa ganin yaron da ya miƙa yatsa ga allura cikin daɗin rai ba.

Aka kira wanda ya jagoranci ɗibar jinin tsallaken kogi, kowa Kawu yake ce masa. Ramamme ne, mai sanyin murya.

"Gida-gida na bi da ƙafata, yallaɓai. Marigayiya kuwa kamar 'yata take, rabona da ita tun shekaranjiya."

Da azahar Sufeto da Saje suka shiga kwalekwale. Unguwar shiru, ko kukan yaro babu. A bayan gidaje ga ƙananan kaburbura, ƙasarsu ba ta gama bushewa ba. Sufeto ya fara ƙirgawa, ya daina.

Wata tsohuwa na zaune a ƙofar gida da jikanta a cinya, jikinsa duk ƙuraje.

"Iya, bara an zo ɗibar jinin yara?"

"Ɗan nan, wa zai zo mana? Mun dai hango farar mota a can gaɓa, lokacin kogi ya cika. Ta yini a gindin bishiya, ta juya."

Da suka dawo, Sufeto ya ajiye sabon kati da allura a gaban Kawu, Likita na tsaye.

"Miƙo yatsanka. Za a gwada da na aljihun marigayiya."

Kawu ya ɓoye hannuwansa a hammata. Can ya ce, "Ba sai an gwada ba. Nawa ne, duka. Ruwa ya ci yayana a gabana muna yara, ban ƙara shiga kwalekwale ba. Na sallami abokan aikina, na zauna a mota na yi ta tsire kaina. Na manta na yi ƙyanda ina ƙarami, garkuwata ce gwajin ya nuna."

"Marigayiyar fa?"

"Ta gane. Ta ce, 'Kawu, ka faɗa da bakinka ko ni in faɗa.' Akwatin kawai na so ƙwacewa, ban yi niyyar kashe ta ba." Ya dubi ƙofa. "Yallaɓai, ba ka jin tarin yaran? Ko'ina na zauna suna bayana."

Shi ma Sufeto tun daga gaɓa yake jin wani abu mai kama da haka. Saje ya ɗaura wa Kawu ankwa, ya tasa ƙeyarsa waje.

Sufeto ya juya. "Likita, akwai sauran yara a can. Gobe a kai musu allura."

Tuni ta ɗauki makullin mota. "Wace gobe? Ara mini mai kwalekwalenka."