Tsamiyar Tsakiyar Tafki

Ana gab da magariba, matar wani masunci tana gyaran kifi a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin kwanonta. Jiƙaƙƙe ne, duk gansakuka a jikinsa. Ta ɗaga kai, babu kowa a kan katanga. Wani dutsen ya dira a kan rufi, wani ya fasa randa.

Mijinta ya ce yaran unguwa ne, amma bai leƙa waje ba. A babban tafkin madatsar ruwa yake su, ranakun hutu kuma yakan ɗauki masu zuwa shaƙatawa a kwalekwalensa mai inji su jefa ƙugiya. Bai daɗe da gano wani gurbi a tsakiyar ruwa ba, inda kan wata matacciyar tsamiya ya leƙo. Kifi a wurin kamar ka kwasa da hannu.

Jifan bai tsaya ba. Da rana ta yi ja sai a fara. Daga baya 'yarsu budurwa ta daina cin abinci. Takan zauna shiru a bakin ƙofa, gashinta na ɗigar ruwa alhali ba ta yi wanka ba, ɗakinta sai ƙarnin laka.

Uwar ta je ta kira malam mai ruƙiyya. Ya zauna a tabarma ya fara karatu a hankali. Yarinyar ta sandare, sannan muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta. Ta ce tun kafin a tare kogin take zaune a tsamiyar nan. Ruwa ya ci garin da ke wurin, mutane suka tashi, ita ta haƙura. Yanzu an zo mata da kiɗa da shewa, har an sako ƙarfen tsayar da jirgi ya karya ƙafar jikanta.

"Nawa aka taɓa. Tasu zan tafi da ita."

Malam ya ce ba da sani aka yi ba, yarinya kuwa ba ta da laifi. Ya ƙara murya har tsohuwar ta fara nishi. Ta nemi a bar mata kwalekwalen, ya hana. Can ta ce to, kada mutumin ya sake kusantar gidanta.

Masuncin ya sunkuyar da kai.

"Baban yara," in ji matarsa, "amsa mata mana."

Ya yi alkawari. Yarinyar ta yi atishawa, ta amayar da ruwa baƙi, ta buɗe ido tana kiran uwarta.

Washegari ya ba masunta labari a bakin tafki. Suka yi dariya, suka ce so yake ya ci kifin shi kaɗai. Yana tsaye ƙaninsa ya cika kwalekwale da baƙi da 'ya'yansu, ya miƙe tsakiyar ruwa. Masuncin ya shiga ruwa har gwiwa yana ƙwala masa kira, amma ƙarar inji ta danne muryarsa.